Baba da Laifin da Ya Ɗauka

Ina cikin aji ina raba wa ɗalibai takardun jarrabawa sai yayana Nasiru ya kira. Ba ya kirana a lokacin aiki, saboda haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ya ce, "Hauwa, ki taho gida. Baba ya faɗi a gona." Na tambaye shi wane asibiti aka kai shi. Ya ce, "Ba a kai shi ko'ina ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Dawakin Tofa zuwa ƙauyenmu ba nisa, amma ban san yadda mai babur ya kai ni ba. Na tarar an shimfiɗe shi a ɗakinsa, ƙasar gona tana nan a ƙafafunsa.

Sunansa Malam Isyaku. Masu sauraron labarin wasanni sun san shi a matsayin kocin wata babbar ƙungiyar ƙwallo a birni, wadda ba zan ɓata bakina da kiran sunanta ba. Mu kuwa mun san shi tun yana horar da yaran ƙauye a gonar da aka gama yanke geronta. Kafin yaran su iso, shi kaɗai yake bin filin yana tumɓuke tushiyar kara yana tsince ƙaya, domin yawancinsu ba su da takalmi. Da ya zama babban koci bai canja ba. Waken gonarsa yake ɗaurawa a mota ya kai wa masu dafa wa 'yan wasa abinci, kuma ba ya sa loma a baki sai ya ga na ƙarshensu ya karɓi kwanonsa.

Abin da ya kashe masa suna ya samo asali ne daga wani gola da ake kira Lawan. Yaro ne ɗanye, ƙwallo ta kuɓuce masa a wani wasa mai zafi, aka ci ƙungiyar a gida. Magoya baya suka tare shi a ƙofar fili suka fasa masa baki, wasu kuma suka bi har layinsu suka kifar wa tsohuwarsa da kaskon ƙosai. Baba ya dawo gida ranar bai ko taɓa tuwo ba. Ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, "Rabi, yaron nan ba zai iya ɗaukar zagin gari guda ba. Ni bayana ya riga ya yi kanta."

Daga ranar ya ɗauki wata al'ada. Duk wasan da aka sha kashi, shi yake fara fitowa daga ɗakin canja kaya, shi kaɗai, ya tsaya gaban 'yan jarida da masu ihu ya ce, "Laifina ne." Yayin da ake ta zaginsa ana jifansa da ledar ruwa, sai a sulale da yaran ta ƙofar baya. Yakan ce, "In an ci, yara ne suka ci. In an sha kashi, a nemi Isyaku." Mu muna tsakar gida muna ji a rediyo. Da zarar ya faɗi kalmar, Inna takan miƙa hannu ta murɗe rediyon ta ci gaba da tankaɗe.

To, tun da shi ya tafi da bakinsa a rufe, ni zan buɗe nawa, in faɗi wanda ya kayar da ƙungiyar. Akwai shugabanta, wanda kowa ke kira Ciyaman, mutumin da siyasa ta ɗora a kujera alhali ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba. Shi ya sayar da ɗan wasan gaba mafi ci ana tsakar kakar wasa, Baba bai sani ba sai da ya ga yaron yana haɗa jakarsa. Shi yake kira ana gab da fita fili ya ce a saka ɗan wane, saboda wane babban mutum ne, ko da ɗan wanen ba ya iya gudu daga raga zuwa raga bai dafa gwiwa ba. Akwai magoya baya, jarumawan jifa, waɗanda suka rotsa kan alƙalin wasa har aka hana ƙungiyar wasa a filinta aka tura ta wata jiha, sannan suka koma majalisa suna mamakin yadda ta daina ci a gida. Akwai kuma masu shirin rediyo, waɗanda suka san duk wannan sarai, amma sun san Ciyaman yana da ofis, Baba kuwa gona kawai gare shi.

Na taɓa tsare shi a kan wannan. Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa musu gaskiya ko sau ɗaya ne." Ya yi dariya ya ce, "Malama Hauwa, in na faɗa, ni za a kora, a kawo wanda zai riƙa nuna yaran da yatsa. Ki bar su, ai sun san ba haka ba ne." A nan Baba ya yi kuskure, kuma ko yau da yake kabari ba zan ɓoye ba. Ya ɗauka mutane suna da kunya. Ya sabar musu da jin kalmar har suka daina jin ta a matsayin rufin asiri, suka mai da ita shaida.

Da ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni, Ciyaman bai sha wahalar neman wanda zai jingina wa ba. Ya shiga rediyo ya ce, "Ni ba zan ce komai ba. Ku saurari mai horarwa da bakinsa." Sai aka sako muryar Baba, an tsinto ta daga wasanni daban-daban an jera: laifina ne, laifina ne, laifina ne. A cikin shirin Baba ya ji an sallame shi, yana zaune a kan tabarma yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗago kai ba.

Ya dawo gona, amma ba a bar shi ya dawo da sunansa ba. Aka laƙaba masa Koci Laifina. In ya kai wake kasuwar Dawanau, 'yan dako su riƙa ɗaga murya, "Koci Laifina, yau ma laifinka ne farashi ya faɗi?" A ƙauyenmu, inda ya tsince wa 'ya'yan mutane ƙaya, in akuya ta shiga gonar wani sai a ce a je a tambayi Laifina, a kwashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi. Amma ya daina zama a majalisar bakin masallaci, ya daina bi ta wajen filin da yara ke wasa, hawan jini kuma ya kama shi. Lawan, wanda yanzu yake tsaron raga a wata ƙungiyar ana yi masa tafi, bai taɓa fitowa ya ce uffan ba. Da aka yi rasuwa saƙon waya ya turo.

An yi jana'iza da jama'a mai yawa. Nasiru ya ce masu kiransa da wancan suna su ne suka fi rububin ɗaukar makara.

Ranar sadakar uku Ciyaman ya zo gaisuwa da jerin motoci da mai ɗaukar hoto. Mu mata muna ciki, Inna tana takaba a ɗaki, ni ina jingine da bangon zaure, ina jin komai. Bayan an shafa fatiha ya gyara murya ya ce, "Abin da ya faru ya wuce. Marigayi ya amsa kuskurensa da bakinsa tun yana raye, wannan kuwa halin manya ne. Saboda haka, a madadin ƙungiya da magoya bayanta, mun yafe masa duniya da lahira." Ƙofar gida ta ɗauka da "Allah Ya saka da alheri, Alhaji." Na so in yafa mayafina in fita tsakiyar mazan nan, amma ɗiya ba ta keta zaman makokin ubanta, Ciyaman ma ya san da haka.

Motoci na tashi sai Baffa Sule, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya shigo da fara'a ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna. Ya ce, "Rabi, kin ji abin arziki? Ciyaman ya yafe wa Isyaku. Alhamdu lillahi, an sauke masa nauyi."

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Yaya, me Isyaku ya yi masa da zai yafe?"

Baffa ya dube ta da mamaki. Ya ce, "To ai shi ya faɗa, Rabi. Da kunnena na ji a rediyo."

Tun da aka yi rasuwar Inna ba ta yi kuka da murya ba sai a lokacin.

Ya Allah, Kai ne ba a jera maka murya a ruɗe Ka. Ka jiƙan bawanka Isyaku, Ka gafarta masa kurakuransa na gaskiya, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna juriyar wannan takaba, Ka sanyaya zuciyar Nasiru da tawa, Ka rufa wa gidan da ya bari asiri. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baba addu'a. Yafiyarku kuwa ku riƙe abarku, mu ne ba mu yafe ba.