Na Je Kwarbai Ɗauko Mama Baturiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da ƙanina, shi ne a kan sitiyari. An kwana ana ruwa, garin ya yi luf, titi sai sheƙi yake. Jama'a, da yawanku kun tambaye ni inda na shige ranar Asabar, to ga labarin. Zariya na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Aiko ni aka yi in ɗauko matar kawuna, wadda duk dangi muke kira Mama Baturiya. A makon ta fita takaba, ɗanta tilo yana Amurka, gidan da take ciki a Kwarbai kuwa an shiga rabon gadonsa. Tun a bakin ƙofa mahaifiyata ta ja mini kunne, ta ce kar in kuskura in dawo ba tare da ita ba.

Hanyar dai alhamdu lillahi, ta fi yadda na san ta, ko da yake akwai wuraren da ake karkatar da mutane hannu ɗaya, manyan motoci su yi ta huci a bayanka. Wajen Kura shinkafa ta yi kore shar har iya ganinka. A Kwanar Ɗangora muka tsaya karyawa, na sayi ƙosai, wallahi sai da na ɗaga ɗaya na duba ko ɗan wake aka ba ni. Kuɗi ya hau, ƙosai ya rame. A Tashar Yari na sa aka tsaya na sayi mazarƙwaila, domin na san ita ce tsarabar da Mama ba ta mayarwa. Ƙanina sai tsiya yake yi wa Zage-zagi tun kafin ya ga ko mutum ɗaya, wai ya zo duba bayinsa. Na tuna masa cewa uwarmu ma Bazazzagiya ce, ya mayar da hankalinsa kan tuƙi.

Hantsi ya ɗaga muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Lungun gidan Kawu ba ya cin mota, don haka ƙanina ya ajiye ni a bakinsa ya wuce Samaru wajen abokansa. Na taka ni kaɗai, ina tsallake kwatoci, ina amsa gaisuwar tsofaffin da suka gane ni da kamannin uwata. Zauren ne ya fara karya mini zuciya. Nan Kawu yake zama da rediyonsa, yana musu da duk wanda ya shigo. Yanzu babu ko tabarma, sai wata akuya da ta fake wa ruwa.

A tsakar gida na tarar da bulo a jibge, an kuma ja igiya tun daga bakin rijiya har jikin katanga, inda za a ta da bangon raba gidan. Iyalan ƙannen Kawu biyu ne a gidan. Lokacin da yake jinya tare suke kwana a asibiti, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Ranar da na je kuwa, na gaida matan wannan ɓangare, na tsallaka igiya na gaida na wancan, kowa ya amsa mini da fara'a, amma ban ga sun kalli juna ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mama 'yar Rasha ce. Kawu ya samu gurbin karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet tun kafin a haife ni, ya dawo da takardar shaida da kuma mata. Ta musulunta, ta yi aikin Hajji, ta iya tuƙa tuwon dawa fiye da ni, Hausarta kuwa ta cikin birnin Zazzau ce tsantsa. Na same ta zaune a bakin gado, ta rame, idanun nan nata masu ruwan toka sun faɗa.

"Bakanuwa, sai yau?" ta ce. "Ai na ɗauka sai an zo sadakar arba'in ɗina."

Ta haɗa shayi baƙi wuluk, ta gutsuri mazarƙwaila ta riƙe a haƙori tana kurɓa, yadda ta ce kakarta take yi da sukari. Na rasa ta inda zan ɓullo wa maganar da ta kawo ni, sai na hau surutun makaranta, kun dai san halina. Na ce mata a zangon nan Yaƙin Cacar Baka nake koya wa ɗalibaina, yara kuma sun ƙure ni da tambaya: yaya ƙasashen da suka haɗa kai suka ci Jamus da yaƙi suka wayi gari suna nuna wa juna makami?

"To me littafinku ya ce?" ta tambaye ni.

Na gyara zama kamar ina gaban allo. Na ce tun asali ba ƙauna ce ta haɗa su ba, abokin gaba ne, domin Amurka jari-hujja, Rasha gurguzu, kowa na ganin tsarin ɗan'uwansa guba ne. Rasha ta yi asarar rayuka ba adadi, tana kuma ƙullace da cewa Turawan yamma sun yi jinkirin kawo mata ɗauki. Da aka gama, sai ta ce ba za a sake shigo mata ta yamma ba, ta kafa gwamnatocin da take so a Poland da maƙwabtanta. Amurka ta ce wannan mamaya ce, an saɓa alkawarin zaɓe. Ita kuma Amurkar ta ƙera bam ɗin ƙare-dangi ba ta yi shawara da ƙawarta ba, ta zuba kuɗi a yammacin Turai, Rasha ta ce sayen ƙasashe ake yi. Jamus da suka ci tare suka rasa yadda za su yi da ita, suka tsaga ta biyu.

Mama ta saurare ni har na dire. Sannan ta ce, "Duk haka ne. Amma a gidanmu ba haka ya zo ba."

Ta ce mahaifinta soja ne, yana cikin waɗanda suka haɗu da sojojin Amurka a bakin wani kogi a Jamus gab da ƙarshen yaƙin. Ba mai jin yaren wani, amma sun rungumi juna, sun ci abinci tare, har wani ya ba shi wuƙar aljihu. Ya dawo gida yana nuna ta ga kowa. Ba a yi shekaru da yawa ba rediyo ya fara kiran Amurkawa maƙiya, sai wani maƙwabci ya tuna da wuƙar. Aka kira mahaifinta aka yi masa tambayoyi, aka sauke shi daga aikinsa. Da ya dawo ya jefa ta a masai, bai ƙara ambaton ranar kogin ba har ya mutu. Ita ma daga bakin uwarta ta ji, a cikin raɗa.

"Tsoro ne, 'yar nan," ta ce. "Kowa ya kwanta yana lissafin abin da ɗayan zai yi masa gobe, sai ya riga shi." Ta ɗan nuna tsakar gida da haɓa.

Bayan azahar na daure na faɗi saƙona. Na ce Hajiyarmu, wato mahaifiyata, ta ce ta haɗa kayanta, Kano gidanta ne, ga jikoki, ga asibiti kusa. Na ce idan aka ta da bangon nan na tsakar gida ɗakinta ko iska ba zai riƙa samu ba. Na yi magiya, na haɗa ta da Allah, har da 'yar ƙwallata. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce a gaida Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ba inda za ta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Haba Mama, wa kike da shi a nan?"

Sai ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Gidan yawa ne, ko tari ka yi an ji, don haka tun tana amarya ita da Kawu suka mayar da Rashanci abin sirrinsu. Da shi suke faɗa, da shi suke shiryawa, da shi suke gulmar dangi a gaban dangi. Saboda haka da gangan suka ƙi koya wa kowa, har ɗan da suka haifa. A lokacin abin dariya ne a wurinsu. 'Yan'uwanta na can duk sun rasu, sauran matan da suka zo tare da ita wasu sun koma, wasu suna ƙarƙashin ƙasa.

"Ban yi tunanin ɗayanmu zai riga tafiya ba," ta ce. "A ɗakin nan kaɗai aka taɓa amsa mini da harshen uwata. In na fita daga cikinsa, shi ke nan."

Sai ta ce tana da roƙo ɗaya. In zauna a kujerar Kawu, ta yi magana, ba sai na gane ba.

Na zauna. Ta fara a hankali kamar mai jin kunya, sannan bakinta ya saki. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ta yi ƙasa, ta yi sauri, kamar ba Mamar da na sani ba. Ta yi dariya a wani wuri, na yi murmushi. Ta yi faɗa tana nuna ni da yatsa, na sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Can sai muryarta ta ɗaga, ta tsaya, ta zuba mini ido tana jira. Ko ba ka jin yare ka san tambaya. Ta jira har ta gaji, sannan ta kau da kai ta ce da Hausa, "Tashi, la'asar ta yi, kar dare ya yi muku a hanya."

Ta rako ni har zaure, iyakar inda take zuwa. Na tarar da ƙanina ya dawo yana jira a bakin lungu. Da muka fito daga birni na hango Kufena can yamma, hadari ya haɗu a kansa. Ƙanina ya dube ni sau ɗaya, ya ga fuskata, ya rage rediyo, bai yi tsiyar kowa ba har Kano. Ana kiran magariba muka shiga gida. Hajiya na tsaye a tsakar gida, ta sa an share ɗaki an canza labule. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa, sannan ta juya ta shige ɗakinta.

Na tafi da niyyar ɗauko tsohuwa, na dawo da abin da ya fi ƙarfina. Na dai gane cewa haɗin kan da tsoron wani ya ƙulla ba ya daɗewa bayan an kawar da wanin, ko tsakanin manyan ƙasashe ne ko a tsakar gida, kuma waɗanda ba a yi shawara da su ba su ne ke kwana da ciwon. Wannan zan iya faɗa wa ɗalibaina ranar Litinin. Abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba shi ne abin da Mama ta tambaye ni. Ban sani ba, kuma duk faɗin Zariya mutum ɗaya ne zai iya amsa mata, shi ma an rufe shi da ƙasa.