Ɗan Akuyar da Ya Ceci Cikina

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na saba'inoni, ni amarya ce a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ga ƙuruciya ga rawar kai. Duk dukiyata a duniya wata jar akuya ce da mahaifiyata ta raka ni da ita ɗakin miji.

A shekarar da na tare, maigidana ya sayo garin maganin ƙwari a kasuwar Maigatari don wakenmu na rumbu. Ni nake cuɗa shi da waken da hannuna, har ina yi wa maƙwabta yanga, don mu muka fara samunsa. In na ɗebo na girki sai in wanke, amma fasasshen da na tsince akuyata nake zuba wa haka nan. Ciki gare ta, a ganina gata nake yi mata. Ni ma lokacin ina da ƙaramin ciki.

Da ta haihu, biyu ta zubo. Ɗaya bai kwana ba. Ɗayan kuwa kansa sai rawa yake, ya kasa gane nonon uwarsa, in ya miƙe sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya har ya faɗi. Mata suka ce iska ce. Surukata, wadda ta tashi a ruga cikin dabbobi, ta ɗauki ƙwaryar da nake zuba wa akuyar abinci ta shinshina, sannan ta ce duk awakin gidan wannan kaɗai ta ci waken magani, kuma dafin ya ratsa uwar ya taɓa kan ɗan. Sai ta dubi cikina.

Daga ranar ta hana ni kusantar rumbun, ta sa aka daina girka waken. Na yi watanni cikin fargaba, kullum na ga ɗan akuyar nan yana zagaye sai in kama cikina in yi kuka. Ranar da na haihu ban tambayi mace ce ko namiji ba, jira nake in ga ko za ta kama nono. Ta kama, alhamdu lillahi.

Ina gode wa Allah, ina yi wa surukata addu'a har gobe. 'Yan uwana mata, in kuna da ciki ku nisanci maganin ƙwari, ku nisanta shi da dabba mai ciki. Ɗan akuyar nan bai taɓa iya bin garke ba, kuma na ƙi yarda a sayar da shi. 'Yata ce ta riƙa kai masa dusa da ta fara tafiya.