Kifin da Inna Ba Ta Ci Ba

Tun kafin in yi wayo mahaifiyata take suyar kifi a kasuwar Gangara. Da kaskon nan ta yi mana lakol, wato ta biya mana makaranta, ni da ƙanena. Inna muke ce mata. Ban taɓa ganin ta zauna wani ya ajiye mata abinci a gaba ba. A tsaye take ci, in ma ta ci, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a kan matsami. Abin da na ƙudura ke nan tun da na fara aikin koyarwa: ko sau ɗaya ne, Inna ta zauna, a kawo mata ruwan wanke hannu, a kawo mata kifin da ba ita ta soya ba.

Maigidana ne ya kawo maganar sushi. Ya je wani taro a Yamai, aka ba su a otel, ya dawo ya ishe mu da labari. Sai ga wani ya buɗe gidan abinci a bakin kwalta a Cadawa, inda muke zaune, da ƙaton allo da hoton abin a jiki. Maigidana ya ce can za mu kai Inna, abincin kifi ne na mutanen Japan, kuma wa ya fi ta sanin darajar kifi? Bai ce mini ɗanye ake ci ba. Daga baya ya ce ya ɗauka na sani.

Matsala ɗaya na hango. Inna ba ta cin abinci a gaban surukinta, ko ruwa ba ta kurɓa in yana wurin. Don haka kwana biyu kafin ranar na taka da ƙafata na sami mai gidan abincin. Na yi masa bayani dalla-dalla: tabarma a ɗakin ciki, ni da Inna, tebur a waje, maigidana da ƙanena. Sau uku ya ce mini babu damuwa, idonsa a kan wayarsa. Da ina da hankali da tun nan na gane.

Sai da na yi mako ina lallashin Inna kafin ta yarda. Ranar ta sa lalle, ta fito da atamfar da take ajiyewa don biki. Tun kokon safe ba ta sa komai a ciki ba, wai kada a kawo abinci ta kasa ci, surukinta ya ji ba daɗi. Muka aro mota muka ɗauko ta, muka isa ana kiran la'asar.

Babu tabarma. Ɗakin cikin cike yake da akwatunan lemo da tsohuwar injin wuta. Mai kawo abincin, wani dogon mutum da farar riga wadda ta daɗe da rabuwa da fari, ya nuna mana tebur ɗaya da kujerun roba huɗu. Na ce masa mun yi magana da maigidansa. Ya ce shi ba a gaya masa ba, kuma nan a tebur kawai ake ci. Inna ta zauna a gefen kujera, ta karkatar da ita ta fuskanci bango, tana kallon kalanda kamar ta iya karatu.

Muka yi ta jira. Wasu ma'aikatan proje, irin na ƙungiyoyin agaji, suka sauka daga farar mota bayanmu da nisa, aka bi su da gudu da ruwan sanyi. Mu ko na randa ba a ba mu ba. Na ɗaga hannu har ya gaji, mutumin nan in ya zo wucewa sai ya ce yanzu, ya wuce. Maza suka je suka yi magariba suka dawo. Ni da Inna muka yi tamu a bayan gini, a kan mayafina. Cikinta na ji yana kuka muna sujada, raina ya soma ɓaci ke nan.

Can sai ga abincin ya iso. Dunƙule-dunƙulen shinkafa ne ƙanana, waje ya caɓe, tsakiya garas. A kan kowane an ɗora yankan karfasa, ɗanya shakaf, gefenta ya bushe ya yi toka-toka, har da ƙaya a jiki. An ajiye wa kowa tsinke biyu, babu ruwan wanke hannu, babu cokali. Tun hantsi aka ɗauke wuta a garin, kuma wanda ya san kifi ya san abin da yake yi a firigo marar sanyi. Ƙudaje suka riga mu sallama. Ƙanena ya jefa ɗaya a baki, ya tashi da sauri ya nufi waje. Maigidana ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali na Yamai ba haka yake ba.

Ni Inna nake kallo. Matar da take mayar da kwalin kifi tun ba a buɗe shi ba, daga wari kawai. Na ga hancinta ya motsa. Ta matso kusa da kunnena, kuma da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana.

"Ke wannan, aiki ya yi masu yawa. Sun mance ba su sa kihin a wuta ba."

Tausayinsu ta ji. Kafin in buɗe baki ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauki farantin ta nufi ƙofar kicin. Na bi ta. Ta yi sallama, ta ce wa mai farar rigar nan cikin ladabi:

"Ɗana, miƙo man kasko da ɗan mai, yanzu in juya maku shi. Amma kihin ga ya kwana, sai an sa mashi citta."

Ya tare ƙofar da jikinsa, ya fizge farantin, ya ɗaga murya yadda na farar mota za su ji.

"Tsohuwa, nan ba kasuwa ba ce. In ba ki iya cin abincin wayayyu ba, ga mai ƙosai can bakin hanya."

Wani ya yi dariya. Ban san lokacin da na fara masifa ba. Na gaya masa matar da ya kira tsohuwa ta ciyar da mutanen da suka fi shi da ubangidansa. Mai gidan abincin ya fito yana ce mini haka ake cinsa a Japan. Na tambaye shi ko a Japan ɗin ma ruɓaɓɓe ake ci, ko can ma ana yi wa mutum alkawarin tabarma a bar uwarsa da yunwa. Wallahi da na sami kaskon da ta nema da a kansa zai ƙare. Sai na ji Inna ta riƙe mini hannu tana cewa in yi shiru, a gaban mijina nake wannan? Sannan ta juya ta ba mai farar rigar haƙuri. Ita ta ba shi haƙuri, wai ba ta san ƙa'idar wurin ba. Zagin bai ƙona ni kamar wannan ba. Ni na jawo ta wurin, ni na sa ta ɗaura atamfa.

Da za mu fita ta sa aka zuba abincin a leda, kada a ce ta ƙi abin surukinta. Muka mayar da ita Gangara.

Maƙwabta biyu suka leƙo jin labari. Ina ji Inna tana gaya musu surukinta ya kai ta inda ake zama a kujera a kawo wa mutum, an ci an ƙoshi, Allah ya yi masa albarka. Da suka tafi ta cire atamfar ta ninke. Ta ɓare kifin ledar ta binne a bayan ɗaki, ta hura wuta, ta ɗebo daga tarwadar da ta tanada don kasuwar gobe. Ta aika wa maza nasu a zaure da murfi a kai. Ta ajiye nawa a gabana, da ruwan wanke hannu. Ita kuma ta ɗumama shinkafar nan ta tsaya bakin murhu tana ci.

Na jawo mata tabarma na ce, "Inna, don Allah ki zamna."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ai na zamna yau. Ya ishe ni."