Sunan Ɗan Fari a Lasifika

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka buɗe taronmu na farko a Kaduna ba. 'Yan shekaru ne bayan yaƙin basasa, ina ƙaramar ma'aikaciyar bincike a wani shiri na jami'a. Manufarsa, wai, a tara masana tarihi da harshe da kiɗa da addini wuri guda, su gano abin da ya sa muke al'umma ɗaya. Ni aikina shiga gidajen kulle da rikoda, tunda maza ba sa shiga.

A haka na san Inna Rabi a Unguwar Kanawa, matar Malam Sani mai makarantar allo. Ɗanta na fari soja ne, bai dawo daga yaƙi ba. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, saboda kunya. Ran nan tana niƙa tana waƙa, rikodata na ɗauka, sai ta shiga kiran sunansa, Habu, tana kuka. Da ta natsu ta riƙe hannuna.

"'Yar nan, kada kunnen namiji ya ji wannan."

Na yi mata alkawari. Dokar aiki ce kowane kaset a miƙa wa shugaban shirin, na miƙa, na faɗa masa sharaɗin. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar taro, Malam Sani aka gayyato ya buɗe da addu'a. Ana shafawa, shugaba ya miƙe ya ce yanzu za a ji muryar ƙasa. Sai ya kunna kaset ɗin nan, kukan Inna Rabi ya cika zauren. Malam ya sunkuyar da kai, ya tattara rigarsa ya fita. Mutane kuwa suka yi ta tafi.

Na tare shugaba a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, amana ce fa."

"Malama Hajara, wannan dukiyar ƙasa ce, ba ta mutum ɗaya ba."

Washegari na je gidan. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tabarma ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa, ta ce, "Yanzu da wane ido zan kalli Malam?" Maƙwabta sun ce har ta rasu ba a ƙara jin waƙa a kan dutsen niƙanta ba.

Mun fita neman al'ada, mun taka kunyar masu ita, har yau abin na ci mini rai. Don haka in za ku shiga gidan mutane da rikoda, kada ku ɗauki alkawarin da cika shi ba a hannunku yake ba.