Ranar da Na Nemi Zaren Na Rasa

Bayan na haifi 'yan biyu, jinin al'adata ya zama wani abu dabam. A da yakan zo ya wuce ba tare da kowa ya sani ba. Yanzu kuwa idan ya zo sai ya fi mako yana zuba, guda-guda, audugar mata ba ta riƙe shi sai na haɗa da tsumman zani. A lokacin ba mu daɗe da tarewa a gidanmu na unguwar Azuba ba, ko filasta ba a gama ba. Ɗinki nake yi a ɗakin da ke bakin ƙofa, da keken ƙafa, saboda wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce. Duk watan da jinin ya zo, ina taka keken idona na ganin duhu, allura ta zame mini biyu.

Wata rana na shiga kasuwa sayen shafi da zif. Ina tsaye ana auna mini yadi, sai na ji muryar mai shagon tana nisa da ni. Da na farfaɗo, ina kwance a kan dilar atamfa, wata mai sayar da agushi tana yi mini fifita da murfin roba. Daga nan aka kai ni asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe ni 'yar ƙabilar Eggon ce, babbar mace mai gajeren gashi, kowa Sista yake ce mata. Hausarta irin ta garinmu ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta ja fatar idona ƙasa, ta duba tafin hannuna, ta girgiza kai.

"Maman 'yan biyu, jininka ya yi ƙasa sosai. Kana zubar da wanda ya fi wanda kana samu."

Aka ba ni maganin ƙarin jini, aka duba mahaifa, likita ya ce ba ƙari ba ne. Da na koma, Sista ta fito da wata 'yar roba fara daga cikin leda, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, da hannuwa biyu a sama da siririn zare a ƙasa. Ta ce a cikin mahaifa ake sa ta, tana sakin magani kaɗan-kaɗan, tana rage zubar jini kuma tana hana ɗaukar ciki na wasu shekaru. Ta ce watannin farko zan ga ɗigon jini ba kan ƙa'ida ba, wasu matan kuma daga baya al'adar takan ɗauke musu gaba ɗaya. Na ji maganar farko da kyau. Ta biyun ban ɗauke ta da muhimmanci ba, domin a ranar ba na iya tunanin rayuwa babu jini.

Maigidana falken doya ne, yana lodi daga nan zuwa arewa. Ba mai yawan magana ba ne. Da na gaya masa, sai ya ce:

"Tazarar haihuwar ba ita ce damuwata ba, yara huɗu Allah ya ba mu. Amma abu a cikin jikin mutum, shekara da shekaru? Idan wani abu ya same ki, me zan ce wa mutanenku?"

"Idan na sake faɗuwa a bakin titi fa, Baban yara?"

Ranar da za a sa robar, shi ya kai ni a kan mashin, ya zauna a inuwar mangwaro yana jira.

Sakawar ta yi zafi, ba zan ɓoye ba. Kamar an murɗa mini mara da hannu, na riƙe ƙarfen gadon ina salati. Bai daɗe ba aka gama. Sista ta koya mini yadda zan wanke hannu in tsuguna in taɓa zaren a bakin mahaifa, ta ce muddin ina jin sa, robar tana wurinta.

Sai ɗigon ya fara. Ba jini mai yawa ba ne, ɗan ja yau, ɗan baƙi gobe, jibi babu, gata ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne salla. Sai in yi wanka in tayar da kabbara, ina ruku'u zuciyata na can wajen zanina. Na rasa wanne ne haila, wanne ne ciwo. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya, kunya kamar ta kashe ni. Ta ce in riƙe kwanakin da na saba, abin da ya wuce su jinin ciwo ne, in yi tsarki in sake alwala kowace salla. Hakan ya ɗan kwantar mini da hankali, amma bai hana ni leƙawa sau da yawa a wuni ba. Ƙuraje suka fito mini a haɓa kamar budurwa, nonuwana suka yi nauyi, wani lokacin sai in daka wa babbar 'yata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in dawo ina jin haushin kaina.

Akwai kuma wata magana da Baban yara ya yi ta kewayawa kafin ya iya furta ta: zaren yana sukarsa. Na koma na gaya wa Sista, fuskata a rufe da mayafi. Ta yi dariya, ta ce ba ni ce ta farko ba, ta rage tsawonsa da almakashi.

Da aka shiga damina, ɗigon ya tsaya. Na ji ƙarfi ya dawo mini. Ina iya ɗinka anko na gida guda ban kwanta ba, ina iya jan ruwa a rijiya ba tare da na dafa bango ba. Wata ya zo ya wuce ban ga komai ba, na yi murna. Wani ya sake wucewa, sai murnar ta fara gauraya da wani abu.

A daidai lokacin yayata ta zo daga Obi, inda take aure, ta kawo mini ɗinkin suna, ta yi kwanaki a wurinmu. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka maganarta tana da nauyi a wurina. Tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, ta lura kwana da kwanaki ban bar salla ba.

"Ke, ciki ne da ke?"

Na ce a'a, na gaya mata abin da aka sa mini. Ta ajiye farantin.

"Innalillahi. To jinin da ba ya fita, ina yake zuwa?"

"Sun ce ba ya taruwa, Yaya. Maganin ne yake hana shi yin yawa tun farko."

"Sun ce. A unguwarmu an yi wata, aka sa mata irin wannan, abin ya bar wurinsa ya yi ta yawo a cikinta. Sai da aka yanka ta. Wata kuma da shi ta ɗauki ciki. Ke kin tabbata yana nan?"

Na ce ina taɓa zaren. Gaskiyar magana tun da aka rage shi ban cika dubawa ba. Na tashi kamar zan kama ruwa, na shiga banɗaki, na wanke hannu, na tsuguna. Ban ji komai ba. Na sake gyara tsugunnon, na ɗora ƙafa ɗaya kan bokiti, na yi nishi kamar mai naƙuda. Babu. Na fito. Yaya ta kalle ni sau ɗaya ta gane.

Ranar Juma'a ce da yamma, kuma sashen da Sista take ba ya buɗewa sai Litinin. Na kira lambarta, a kashe. Baban yara yana hanya da motar doya, sai Lahadi zai dawo.

Washegari na tashi da tashin zuciya. Ƙamshin manja da ake soyawa a maƙwabta ya sa na amayar da kokon da na sha. Bakina ya yi ɗaci, kaina yana sarawa. Haka na fara da cikin 'yan biyu, daidai haka. Na tuna abin da Sista ta faɗa a gurguje ranar sakawa, cewa da wuya a yi ciki da robar, amma idan aka yi, wani lokacin yakan zauna a wajen mahaifa, kuma wannan yana da haɗari. Duk wani motsi da marata ta yi sai in tsaya cak in saurara. Nan ne? Dama ne ko hagu? Na zauna a kan keke don in ɗauke hankalina, na ɗinka hannun riga a baibai.

Yaya ta karɓi girki, ta yi wa 'yan biyu wanka, ta dafa mini ganyen lemun tsami. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Sau biyu na kama ta tana kallon cikina.

Baban yara ya dawo Lahadi da la'asar, jikinsa duk jar ƙasa. Na bari ya ci abinci, sannan na gaya masa. Ya ajiye kofin ruwan a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Kuma ba ki kira ni ba?"

"Kana kan hanya. Me za ka yi?"

Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai faɗa ba. Ya tashi ya fita waje, na ji yana waya yana cewa lodin gobe a ba wani.

Da sassafe muka tafi, an yi ruwa, hanyar unguwarmu ta cika da taɓo har sai da na sauka daga mashin na taka. Mun tarar da layin mata har baranda. Kusa da ni wata Bafulatana ce daga wajen Adogi, da jariri a goye, ta zo a duba mata robar tazarar haihuwa ta hannu, wadda ake ce wa ashana. Ta ga yadda nake murza gefen mayafina, ta miƙo mini goro. Na karɓa, ban iya ci ba.

Da aka kira ni, na fara bayani kalmomi suna harɗewa. Sista ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kana jin ciwo mai tsanani a gefe ɗaya? Kana jiri? Jini ya zubo?"

"A'a. Amai ne da ciwon kai."

"To fitsari tukuna."

Ta tsoma tsinken gwajin a ɗan kofi ta ajiye shi a kan tebur tsakaninmu. A ranar na manta ko layi ɗaya ko biyu ne ake nema, ko da yake a da na sani sarai. Fuskarta kawai nake kallo.

"Babu ciki."

Na sauke numfashi, amma rabi. Ta sa na hau gado, ta buɗe ni da wani ƙarfe mai sanyi, ta haska fitila. Ta daɗe. Na ji ta ɗauko wani siririn abu ta lalaba, na ciji leɓe.

"Ban ga zare ba."

"Ya faɗi ne? Ko ya shige?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Wani lokaci yana faɗi mace ba ta sani ba. Wani lokaci zare ne kawai ya naɗe ciki. Wani lokaci, ba kasafai ba, roba yana huda mahaifa. Hoto ne zai faɗa."

Aka ce sai mafitsarata ta cika kafin a ɗauki hoton. Baban yara ya sayo ruwan leda, ya tsaya a kaina ina sha ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Muka zauna jiran a tayar da janareta, fitsari ya matse ni har ina matse cinyoyi, ga tsoro, ga tashin zuciya. Shi kuwa yana ta kaiwa da komowa a barandar, carbi a hannu, ba ya ja.

Mai hoton saurayi ne mai gilashi. Ya shafa mini mai mai sanyi a mara, ya danna kan na'urar, ya zuba wa allon ido. Ni ba na ganin komai sai toka-toka da baƙi. Ya danna nan, ya danna can, ya ƙanƙance ido. Na ce a raina idan ya kira wani ya zo ya gani, to shi ke nan.

Ya juyo da allon wajena, ya nuna wani ɗan farin layi da bakin biro.

"Hajiya, ga ta nan. Tsakiyar mahaifa, inda ya kamata."

Ban gode masa ba ma, na diro na nufi banɗaki da gudu. A can na yi kukan.

Sista ta ce zaren da aka rage ne ya lanƙwashe ya shige bakin mahaifa. Amai da ciwon kan kuwa, da aka ɗibi jinin yatsana, zazzaɓin sauro ne. Ta kuma ce jinina ya hau fiye da yadda ta zata. Sannan ta tambaye ni kai tsaye ko ina so a cire. Ta ce jikina ne, kuma in sani cewa duk ranar da za a cire, tunda zaren ya ɓuya, zai ɗan fi wahala, wataƙila sai likita ya sa hannu.

Na fita na sami Baban yara na gaya masa duka. Ya tambaye ni, "Ke me kika gani?" Na ce ina so in bar ta. Ya gyaɗa kai, ya je tayar da mashin.

Yaya ta karɓi takardar hoton ta juya ta sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga komai ba sai hadari. Ta ce alhamdulillahi, amma ita dai da jikinta ne da tuni an fitar. Har yau ra'ayinta ke nan, kuma mun daina jayayya a kai.

Robar tana jikina har yanzu. Al'ada takan leƙo jefi-jefi, ɗan kaɗan, ta wuce. Ƙurajen sun ragu amma ba su tafi duka ba. Tunda ba ni da zaren da zan taɓa, nakan je a duba ni lokaci-lokaci, kuma duk ranar da marata ta murɗa ba dalili, sai na ɗan tsayar da keken na saurara kafin in ci gaba. Matan da ke kawo ɗinki wasu sukan rage murya su tambaye ni ya abin yake. Nakan ce su zauna, domin amsar tana da tsawo, kuma ba na tsallake komai.