Kyamarar da Ba Ta Ganin Mai Sauri

Shekararsa sittin da ɗaya, sana'arsa walda, yana da mata ɗaya, 'ya'ya huɗu da jikoki shida. A layin masu gyara kowa Tartsatsi yake kiransa. Shagonsa rumfar kwano ce tsakanin mai faci da mai gyaran fanka, kuma rabin ƙofofin ƙarfen unguwar daga hannunsa suka fito. Shi ne ma ya yi wa gadar ƙafa da ke kan kogi shingen ƙarfe, tun kansa bai san furfura ba. Har yau in ya bi ta kai sai ya girgiza shingen, ya ji ko akwai inda ya saki.

Sha'awar ɗaukar hoto da tsufa ta same shi. Surukinsa, mijin 'yarsa Auta, shi ya ba shi wata tsohuwar kyamara don ya riƙa ɗaukar ƙofofin da ya ƙera yana nuna wa masu saye. Wata rana ya so ya ɗauki kansa yana walda. Ya san abin da hasken yake yi wa idon mutum, sai ya tausaya wa na kyamarar: ya cire baƙin gilashin da yake kare fuskarsa da shi, ya ɗaure mata a baki da roba, ya ɗora ta kan tebur ya danna. Kafin ya kai ga ƙarfen aka ɗauke wuta. Ya fita duba wayar wuta. A nan mai faci ya shigo, ya yi ta kai da komo yana neman sifana, ya samu, ya fice.

Da Tartsatsi ya duba hoton, ga shago nan tsaf, har ƙusoshin da ke bango ana iya gani. Mai faci kuwa ko inuwarsa babu.

"Kai, ka shigo nan ɗazu ko ba ka shigo ba?"

"Na shigo mana. Ga sifanarka ma a hannuna."

"To kyamara ta ce ba ta gan ka ba."

"Ashe ita ma walda ta cinye mata ido," in ji mai faci. "Kowa da irin ubangidansa."

Bayanin ba shi da wuya, ko da yake ya ɗauke shi makonni kafin ya gane. Baƙin gilashi ba ya barin haske ya shiga sai kaɗan-kaɗan, don haka kyamara takan daɗe da idonta a buɗe kafin ta ƙoshi. Abin da ya tsaya wuri ɗaya sai ya zauna a hoton daram. Abin da ya wuce, ya wuce ke nan, ko sawu ba ya bari.

Daga nan ya daina ɗaukar ƙofofi, ya koma bakin kogi. Ya ƙera wa kyamarar ƙafa uku da guntayen rodi, masu nauyi kamar buhun siminti, yana kuma rataya musu dutse a tsakiya saboda iska. Ya gane cewa ba a ɗaukar gada daga kan gada, domin takun mutane yana sa ta rawa. Sai ya sauka ƙasa, gindin wata bishiya da ta karkata kan ruwa, ya durƙusa har gwiwarsa ta nutse a laka, ya bar reshe ɗaya ya leƙo daga saman hoton kamar labule. Yakan toshe ramin leƙawa da hularsa kada haske ya saci hanya ta baya. Agogo bai dame shi ba. Yana da ƙaramin risho da buta; idan ya buɗe idon kyamara sai ya ɗora ruwan shayi, idan ya tafasa ya rufe. In hadari ya taso, sai ya jira har ya sha rabin kofi.

Abin da ke fitowa kuwa yana tsayar da mutum. Ruwan kogi yakan kwanta luf kamar madarar da aka zuba a faranti. Gajimare ya miƙe kamar audugar da aka ja. Ganyen bishiya ya zama hayaƙi, gangar jikinta kuwa ana ganin kowace tsaga. A tsakiya ga gada, da shingenta, babu kowa a kai, ko da an ɗauke ta ne a lokacin da mutane ke turereniya zuwa kasuwa. Hoton kan fito kore shar saboda gilashin, sai ya sa mai wankin hoto ya mayar da shi baƙi da fari.

Sau biyu roba tana tsinkewa gilashin ya faɗa ruwa. A na uku ya yi abin da mai walda zai yi: ya lanƙwasa zoben ƙarfe, ya kama gilashin da bakin kyamarar da gam irin wanda ake liƙe tankin mota da shi. Sai da gam ya bushe ya tuna cewa yanzu ba ya ganin komai ta ciki, balle ya daidaita nisa. Bai ce ya yi kuskure ba. Ya ɗauko farin fenti ya ɗiɗɗiga a jikin abin murzawa: wannan ɗigo na gada, wannan na bishiyar ƙetare, wannan na dutsen da zalɓe yake tsayawa. Tun daga ranar kyamarar ba ta sake ɗaukar hoto irin na kowa ba.

Cikin ɗaruruwan hotunansa, masu rai kaɗan ne suka taɓa fitowa: zalɓen, wani mai kamun kifi da barci ya kwashe, da mai faci, ranar da ya jingina da shinge yana kallon ruwa alhali mai babur na jiransa a shago. Uwargida ta kalli wannan hoton ta yanke hukunci.

"Baban yara, wannan kyamarar malalata ce. Duk wanda ya fito a ciki ba shi da aikin yi."

Ita kam babu fargabar ta fito. Tana da rumfar zare da maɓalli a kasuwar ƙetare, kullum ta gadar take bi, kuma tafiyarta kamar wadda ta bar tukunya a wuta. A gida ma a tsaye take cin abinci. Yakan nuna mata hoto ya ce, "Kin ga nan? A daidai nan kika wuce da jakarki." Sai ta ce, "To ka gani, ina cikin duk hotunanka. Me kuma ake nema?"

Gaskiyar magana ita ce ba ta da hoto ko ɗaya, ban da na katin shaida, wanda ta fito ido rabi a rufe kamar wadda aka kama da akuyar mutane. Tun daga shi ta yi sallama da hoto. A na bukukuwan 'ya'yanta sai dai a ga gwiwar hannunta tana fita daga gefe. Ko kiran bidiyo aka yi mata, silin da fanka take nuna wa mutum.

Tartsatsi bai taɓa ɗaukar wannan da zafi ba sai da Auta ta zo gida da jaririnta. Mijinta ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ya riga ya tafi, ita ma za ta bi shi a ƙarshen wata, kuma babu wanda ya san yaushe za su dawo. Wata safiya ta same shi a shago, ta zauna kan bencin masu jira.

"Baba, yaron nan zai yi wayo bai san fuskar kakarsa ba. Na gwada da waya har na gaji. Duba." Ta nuna masa: ƙeya, tafin hannu, bakin mayafi, ƙeya kuma. "Kai ne mai hoto a gidan nan. Ba zan tafi ba tare da hoton Mama ba."

"Da wace kyamarar? Wannan sai mutum ya tsaya har ruwa ya tafasa."

"To ka cire gilashin mana."

Ya sosa kai. Mai faci da ke saurare daga bakin ƙofa ya yi dariya har da tari. "Faɗa mata, Tartsatsi. Faɗa mata aikin gwani ne, ba ya ciruwa."

Ya fara da lallashi. Uwargida ta ce ita ba zalɓe ba ce. Ya ce don Auta ne. Ta ce Auta ta san fuskarta tun ranar da aka haife ta, in yaro ya tambaya ta kwatanta masa. Ya kafa kyamara a tsakar gida yana fatan ta zauna tsince shinkafa. Hoton ya fito da kujera, da tire, da wani abu kamar hayaƙi a kan kujerar. Ya haɗa baki da mai faci ya tare ta a kan gada da doguwar gaisuwa. Ta amsa masa gaisuwar har da tambayar iyali, amma tana tafe, kafin ya kai ga "ina gajiya" ta kai ƙetare. Kwanaki suna ta ƙarewa, Auta ta fara ɗaure kaya.

Wanda ya warware matsalar bai ma san an yi ba. Jaririn nan ɗan rigima ne na gaske, da yamma ta yi sai ya buɗe murya har maƙwabta su leƙo. Uwargida tana kiransa maigidanta, Tartsatsi kuwa yana ce masa ɗan adawa, wanda ya zo ya ƙwace masa mata. An yi jijjiga, an yi waƙa, an zaga da shi unguwa, babu sauƙi. Wata yamma Uwargida ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi kogi don mutanen gida su huta. A tsakiyar gada, inda ruwa yake dukan ginshiƙi yana shuu, yaro ya yi shiru. Ta ɗaga ƙafa za ta ci gaba, ya tsandara. Ta tsaya, ya koma barci. Da ta dawo gida take ba da labari tana mita: "Mijin nan nawa ya tsayar da ni a gada kamar mai gadi."

Tartsatsi ya kalli Auta, Auta ta kalli ƙasa.

Washegari ya rufe shago da wuri. Ya sauka gindin bishiyarsa, ya kafa ƙafa uku, ya rataya dutse, ya murza zuwa ɗigon gada. Rana ta yi sanyi, 'yan kasuwa sun fara dawowa. Can sai ga ta, yaro a kafaɗa yana zuba kuka. Ta kai tsakiya ta juyo wajen ruwa. Kukan ya mutu. Ya toshe ramin da hula, ya buɗe idon kyamara, ya ɗora buta.

Ya ce bai taɓa ganin ruwa mai taurin kai irin na ranar ba. Masu kekuna suna wucewa ta bayanta, mata da kaya a ka, wani da akuyar da ta ƙi tafiya. Wata ƙawarta ta tsaya za ta ja ta da hira, ta kore ta da ido. Buta ta fara ƙara, ta yi shiru, ta sake farawa. Da ta tafasa ya rufe, ya zauna a laka, ya ma manta da shayin.

Da mai wankin hoto ya miƙo masa takardar, ga abin da ke ciki: ruwa fari luf, gajimare a miƙe, gada babu kowa duk da taron da aka yi a kanta, sai mace ɗaya a tsakiya da yaro a kafaɗa, kumatunta a kan kansa. Fuskarta ta fito sarai, har ɗan tabon da ke gefen girarta. Ƙafarta ta dama ce kawai babu. Duk tsawon tsayuwar tana ta kaɗa ta.

Auta ta rungume hoton ta fashe da kuka. Uwargida ta karɓa, ta nisanta shi da ido, ta kusanto shi.

"Ina ƙafata?"

"Ke kika san inda kika aike ta."

"Shekara talatin da wani abu ina jira a yi mini hoton kirki, ka tashi ka yi mini na gurguwa."

"Jira? Ai sace ki na yi."

"Wa ka sata? Tun kana fama da ƙarafunan nan naka na hango ka. Yaron ma ya daɗe da yin barci mai nauyi, da na so tafiya da na tafi. Butarka ce ba ta da zuciya."

An wanke guda biyu. Auta ta tafi da ɗaya a cikin jakar hannunta, tsakanin rigunan yaro. Ɗayan ya yi masa firam na ƙarfe ya rataye a shago, amma bai kwana biyu ba Uwargida ta zo ta sauke shi, wai kada mai faci ya samu abin faɗa, ta mayar da shi falo saman talabijin. Ta ce yana nan da alhakin ƙafa ɗaya a wuyansa, kuma za ta sake tsayawa, amma sai ranar da maigidanta ya dawo.

Jiya da safe, kafin ya buɗe shago, Tartsatsi ya bi ta gada da gwangwanin farin fenti. Ya girgiza shingen kamar kullum, sannan ya ɗiga ɗigo ɗaya a jikin ƙarfen, daidai inda ta tsaya.