Gurbin Gwaggo Mai Guga

A ƙasan otal muke aiki, inda babu taga. Ni ne kan injinan wanki, Gwaggo ce kan guga. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka muka tarar ana kiranta, har manaja ma haka yake ce mata. Da aka ɗauke ni aiki na same ta a wurin, kuma tun a lokacin furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta.

Hannunta na dama ya fi na hagu kauri. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne ƙanana, tsofaffi da sababbi. Jijiyoyin ƙafarta sun fito saboda tsayuwa. In tana guga ba ta magana. Takan fara da wuyan riga, ta bi hannuwa, ta juya baya, ta rataye, ta jawo wata. Ban taɓa ganin baƙo ya dawo da rigar da ta goge ba.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya ɗansu yana firamare. Ta fara guga a gida da dutsen gawayi, tana yi wa maƙwabta, daga baya ta samu aikin otal. Ɗan nan shi kaɗai gare ta. Tun yana ƙarami take kiransa Injiniya, saboda ya kwance rediyon babansa ya kasa mayarwa. Da gugar ta sa shi a makaranta har ya gama. Yanzu yana aiki a wani kamfani a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, da matarsa da 'yarsu ɗaya.

Akwai shekarar da ya ce ta bar aiki ta koma wurinsa ta huta. Ta haɗa akwati, muka yi mata sallama, aka ba wata teburinta. Ba a daɗe ba sai ga ta ta dawo, ta ɗaura gyautonta na aiki kamar jiya ta tafi. Ni ban tambaye ta ba. Mai Tawul ce ta tambaya, wadda take ninke tawul a gefenta, ita kuwa bakinta ba ya hutawa.

"Gwaggo, hutun ne ya ishe ki?"

"Na goge rigunan da matarsa ta riga ta goge," in ji Gwaggo.

"Sau ɗaya?"

"Kullum."

Iyakar abin da muka ji ke nan game da zamanta a can.

Ta dawo da sabuwar waya. Kafin ta taho Injiniya ya sa mata manhajar kallon fina-finai, irin wadda ake biya duk wata, ya shigar da ita cikin asusunsa. In an buɗe sai a ga akwatuna huɗu a jere: nasa, na matarsa, na yarinyar, da wani an rubuta Mama a ƙarƙashinsa. Yakan kira ta jefi-jefi. Na sha jin kiran. Lafiya, lafiya lau, ya aiki, da godiya, a gaida mutan gida. Ba ya wuce haka. Ni kira bai dame ni ba. Mutum na iya kiranka kullum bai taɓa ɗauke maka ko bokiti ba. Shi dai ya ba ta gurbi a abin da yake biya, wannan kuwa abu ne da ido ke gani.

A ƙasa babu sabis. In lokacin hutun rana ya yi sai mu hau matakala zuwa ƙofar baya, inda motocin kaya ke tsayawa kusa da durom-durom na shara. Nan intanet ɗin ma'aikata ke kamawa. Gwaggo takan kifa bokiti ta zauna, ta ɗora wayar a gwiwa. Da farko kallo take yi na gaske. Ta kama wani dogon fim na asibiti, ba ta jin yaren, fuskoki take bi. Ta tsani wani likita mai gemu, ta ce daga ganin rigarsa ba shi da mai yi masa guga.

Rannan tana cikin kallo wayar ta yi ƙara. Matar Injiniya ce. Muryar tana fitowa, muna ji.

"Mama, ina wuni. Kallo kike yi ne?"

"Eh, ɗan kaɗan."

"To, dama yarinya ce ta dawo daga makaranta, tana son katun ɗinta, ya ƙi buɗewa. Mutum biyu kawai yake ɗauka a lokaci guda, ni kuma ina kan talabijin."

"Bari in kashe."

"In kin gama ma ba komai, Mama."

"Na gama."

Ba ta gama ba, likitan yana tsakiyar tiyata. Ta kashe, ta juyo gare ni.

"Mai Inji, wato in ina kallo, wani a can ba zai iya ba?"

Na ce haka ne. Na ce kuma in su biyu suna kallo, ita ce ba za ta iya ba.

"Ya zan gane?"

"Rubutu zai fito maimakon fim."

Kwana kaɗan bayan nan rubutun ya fito mata. Ta miƙo min na karanta: na'urori da yawa suna amfani da asusun yanzu, a dakata. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon rubutun.

"Su biyu ke nan," ta ce. "Suna gida."

Daga ranar ta daina kallon fim. Amma ba ta daina hawa matakala ba. Kullum da rana sai ta zauna, ta buɗe manhajar, ta shiga akwatin Mama, ta danna. In rubutun ya fito, ta san yarinyar ta dawo lafiya kuma uwarta na falo. Ba ta iya karanta shi, amma ta haddace siffarsa. In kuwa fim ya fara, sai ta yi maza ta kashe kada ta tare wa wani, ta ɗan jira, ta sake gwadawa. Wani lokaci takan leƙa akwatin yarinyar ba tare da ta danna komai ba, don ta ga inda jan layin da ke ƙasan katun, mai nuna inda aka kai a kallo, ya tsaya. Ta haka ta san lokacin da jikarta ta bar katun ɗin agwagi ta koma na wasu 'yan mata masu tashi sama. Ta haka kuma ta gane makon da yarinyar ba ta je makaranta ba, don layin ya yi ta tafiya tun safe. Ba ta kira ta tambaya ba. Ta dai yi ta guga ba ta ci abinci sosai ba, har layin ya koma tafiyarsa ta yamma.

Mai Tawul ta sa ta a gaba.

"Gwaggo, ke kaɗai ce a duniya ake kora kina jin daɗi."

"Ninke tawul ɗinki."

"Ni da ɗana ne, sai na kalla har wayar ta yi zafi. Su jira."

"Shi ya sa naki bai ba ki ba."

"Nawa ko katin waya bai taɓa saka min ba," in ji Mai Tawul, tana dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ba kasafai take dariya ba, ba kuma kasafai take fushi ba.

Haka aka yi ta tafiya har aka ba da dogon hutun makaranta. Gwaggo ta ce yanzu yarinya tana gida yini guda, ba a san lokacin da za ta so kallo ba. Ko ɗan dannawar da take yi na iya faɗawa daidai lokacin da yarinyar ta danna nata, a hana ta.

"Zan bar musu har a koma makaranta," ta ce.

Na ce dannawar ƙiftawar ido ba ta tare wa kowa komai. Ta ce ni ba ni da jika. Ta sa wayar a lokar ajiye kayanta. Duk tsawon hutun ba ta buɗe manhajar ba ko sau ɗaya. A wurinta kyauta ce take yi musu, irin wadda ta iya: ta matsa gefe ba tare da ta ce ta matsa ba.

Ranar da aka koma makaranta ta riga ni hawa matakala. Na same ta riƙe da wayar nesa da fuskarta.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce. "Wani rubutu ne daban."

Na karɓa. Akwatunan huɗu babu su. An rubuta cewa wannan na'ura ba ta cikin gidan mai asusun, a shiga da adireshi da kalmar sirri, ko a tuntuɓi mai asusun. Na gaya mata. Dama na ji ana cewa kamfanin manhajar ya tsananta, kowane gida da asusunsa, na waje sai an yi masa gurbi na musamman.

"Lalacewa ya yi?"

"A'a. Fitar da ke aka yi."

"Su kamfanin?"

"Ban sani ba. Sai kin kira shi."

Ba ta kira ranar ba, ba ta kira washegari ba. Tana hawa, tana buɗewa, tana kallon sabon rubutun, tana sauka. Sai da mako ya kusa ƙarewa Gwaggo ta miƙo min wayar ta ce in nemo mata lambarsa, idonta ba ya gani sosai a rana. Na danna na mayar mata. Zan matsa, ta ce in zauna.

"Mama, lafiya?" Da jin muryarsa yana ofis.

"Lafiya lau. Abin kallon nan ne ya ƙi buɗewa."

"Oh. Ai na so in gaya miki, na manta. Sun canza tsari, mutum ɗaya kawai za a ƙara daga waje. Na duba na ga wayarki ta daɗe ba ta shiga ba, ko kafin nan ma ba kya wuce 'yan daƙiƙu. Sai na ba ƙanin maman yarinya, shi da ke jami'a. Na ɗauka ba kya so."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Ba na kallo."

"Kina so ne?"

"A'a, dama tambaya na yi."

"Mama, in kina so ki faɗa."

"Yaya yarinyar?"

"Tana lafiya. Bari, kin san me? Zan buɗe miki naki ke kaɗai. Babu mai korar ki, babu mai kiran ki ya ce ki kashe. Kowane lokaci kika danna zai buɗe. Akwai wani kusa da ke da zai shigar miki?"

Ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"Akwai."

"To zan turo yanzu. Ana jira na, Mama."

"Allah ya yi albarka."

Kafin mu sauka saƙon ya shigo. Bai yi alkawari ya manta ba, a take ya yi. Na shigar da adireshin da kalmar sirrin. Akwati ɗaya ya fito a tsakiyar allo, an rubuta Mama, babu kowa a gefensa. Ta danna. Fim ya fara. Ta kashe, ta sake dannawa, ya sake farawa.

"Kullum haka zai riƙa yi?"

"Kullum."

"Ko suna kallo?"

"Nasu daban ne yanzu. Ba ruwan naki da nasu."

Mai Tawul ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ɗa ke nan. Gwaggo, kin zama mai gida. Sai ki nemo likitanki mai gemu."

Gwaggo ta bar fim ɗin yana tafiya a gwiwarta. Wasu mutane ne a cikin jirgin ruwa suna gardama. Ba na jin ta san me suke yi. Motar kayan lambu ta shigo da baya, direban ya yi mana hon, muka janye ƙafafu.

A kan matakala na ce mata ta gaya masa gaskiya. Na ce bai san abin da take yi da shi ba, ta ina zai sani.

"In ce masa me?" ta ce. "Ya mayar da ni inda za a riƙa korata?"

"Ki ce kina son sanin ko suna gida."

"Sai ya ce in kira."

"To ki kira."

"In kira kullum da rana in ce kuna gida? Matarsa ta ɗauka?"

Ni ba gwanin magana ba ne, kuma ban ga inda yaron ya yi laifi ba. Ya duba abin da ta yi, ya ga ba ta shiga, ya yanke hukunci a kan abin da ya gani. Da ni ne haka zan yi. Da ta yi magana kuma ya ƙara mata fiye da abin da take da shi. Duk wata yana biya, bai taɓa fashi ba, na sani don ni take miƙo wa wayar in saƙon kamfanin ya shigo.

Ta ba Mai Tawul kalmar sirrin, ta ce 'ya'yanta su kalla kada ya tafi a banza. Injiniya yakan kira har yanzu, jefi-jefi. Rannan na ji ya tambaye ta ko abin yana aiki. Ta ce yana aiki sosai, ta gode.

Yanzu in hutun rana ya yi ni da Mai Tawul muke hawa. Gwaggo takan ce ƙafafunta, matakalar ta yi mata yawa. Tana cin abincinta a ƙasa kusa da injin busarwa, ta wanke hannu, ta kunna dutsen guga tun lokaci bai cika ba. In mun sauko mukan tarar ta rage rabin kwandon riguna.